Ragon da Kawu Ya Yanka wa Turawa

Jikokina sun san halina. Da sun kunna ƙwallo a talabijin na hangi tutar Ingila ko shuɗiyar nan ta Sikotlan, sai in ɗauki dardumata in bar musu ɗakin. Su bi ni da Larabci, don babu mai amsa mini da Hausa a cikinsu: "Ya jaddi," wato kakana, "wa kake so ya ci?" In ce Allah ya sa a ci su duka biyun. Su yi ta dariya, wai ba ya yiwuwa. Na san ba ya yiwuwa, amma abin da nake so ke nan, kuma ina da dalilina.

Na zo Madina ina saurayi, lokacin da kamfanoni suka cika ƙasar nan ana ta tone-tone. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga ni zuwa da daɗewa. Kuku ne a sansanin wani kamfanin Turawa mai shimfiɗa bututun ruwa, can a hanyar Khaibar, bayan an wuce iyakar harami, tunda wanda ba Musulmi ba ba ya shiga gari. Shi ya samo mini tuƙi a wurin. Ɗaki ɗaya muka kama a unguwar Jurf, ni da shi.

Kawu ya tsufa. Matarsa ta rasu tun a gida, 'ya'yansa mata duk suna ɗakunansu. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, kuma ba ya ɓoye shi: ya mutu a Madina a binne shi a maƙabartar Baƙi'a. Likkafaninsa ma yana nan cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, ya wanke shi da Zamzam ya naɗe. Sai dai zaman nasa duk a kan iƙama yake, takardar zaman da kamfani ke sabunta masa. Ranar da aiki ya ƙare, sai jirgi.

Turawa biyu ne ke riƙe da sansanin. Akwai mudir, shugaban wurin, ɗan Ingila, dogo siriri mai magana ƙasa-ƙasa. Bai taɓa zagin kowa ba, bai kuma taɓa kallon fuskar ɗayanmu ba. Sai muhandis, mai kula da injuna, ɗan Sikotlan, gajere jajir, ihu kamar a kasuwar shanu. Shi kam yakan zauna a ƙasa ya ci burodin tamis da waken ful tare da mu, ya dafa kafaɗata ya ce ni da shi 'yan'uwa ne, tunda Ingila ta hau kanmu duka. Ina jin daɗin maganar a lokacin. Tir!

A wurinmu dai Bature Bature ne. Fasfonsu iri ɗaya, ni nake kai su Jidda, na gani da idona. Sarauniyarsu ɗaya. Amma wata rana ina ɗauke da muhandis, a gidan mai wani ya tambaye ni ko ɗan ina ne maigidana, na ce Ingila, muhandis kuwa ya ji. Tun daga nan har sansani yana yi mini wa'azi, jijiyar wuyansa kamar za ta tsinke. Daga ranar na san akwai wata a ƙasa, na kama bakina.

Sau ɗaya a shekara ƙasashen nasu kan buga ƙwallo da juna. Ranar ba a aikin kirki. Bayan la'asar sai su shige ɗakin cin abinci su sa rediyo a tsakiya, kowa da kusurwarsa. A shekarar da nake ba ku labari, 'yan Sikotlan ne suka bi Ingila har gida suka ci ta, magoya bayansu kuma suka shiga fili suka karya turakun raga. Muna zaune a inuwa sai muka ga muhandis ya fito a guje, ba riga, yana kuka yana dariya. Ya haye katafila ya nufi filin ƙwallon sansani, wanda mudir ya sa aka share aka kafa wa turaku. Ya tumɓuke su, ya jawo su ƙiii, ya zube a ƙofar ɗakin mudir.

Mudir ya fito da kofin shayinsa, ya tsallake su ya wuce. Washegari sai ga masu gyara sun cire na'urar sanyaya ɗakin muhandis, wai ta lalace. Ana tsakiyar zafi ne, irin wanda in ka taɓa ƙarfen mota sai ka yi salati.

Shi ke nan, gaba ta kankama, kuma a kanmu ta ƙare. Ba su magana da juna, sai aike. Mudir ya ce in kai leburori Badr, in ɗauko hanya muhandis ya tare ni ya ce Khaibar za su. Mutane su wuni a rana ba a san na wa za a bi ba, da yamma a ce ba su yi aiki ba. Ƙwallon da muke bugawa ran Juma'a don nishaɗi ma ta lalace. Makanikai suka zama 'yan Sikotlan, direbobi da masu gadi 'yan Ingila, aka jera duwatsu a madadin turaku. Wani mutumin Maraɗi ya karya wa wani Bazazzagi ƙafa, magidanta biyu masu salla a sahu ɗaya, a kan ƙasashen da ko a taswira ba za su iya nuna maka ba. Kai, Allah wadai!

Kawu ne abin ya fi ci wa rai. Girki biyu yake yi, tebur biyu, amma ba wannan ya dame shi ba. Wata safiya muna tafiya aiki ya ce, "Ɗan nan, mutum biyu a gida ɗaya sun haura kwana uku ba ko gaisuwa, mu kuma muna kallo? Ai alhakin har da mu."

Na ce, "Kawu, ba Musulmi ba ne fa. Ka bar su su cinye kansu."

Ya ce, "Ba Musulmi ba ne, amma ai mutane ne. Gaya mini, wace ƙasa ta fi girma a cikinsu?"

Na ce Ingila.

"Sarauniyar tasu a ina take zaune?"

Na ce Ingila.

Ya gyaɗa kai ya ce, "To ai magana ta ƙare. Wa da ƙane ne."

Ni kuwa na san yadda Kawu ke sulhu. A garinmu shi ake kira in 'yan'uwa sun saɓa. Ba ya tambayar wa ke da gaskiya. Ƙane zai durƙusa ya ba wa haƙuri ko da shi aka cuta, wa kuma ya ɗaga shi ya ce ya yafe, a ci abinci a kwano ɗaya, a tashi. Ya yi haka ya fi a ƙirga, bai taɓa ba shi kunya ba. Na roƙe shi, na ce waɗannan mutanen ba haka suke ba, ya tuna da iƙamarsa. Ya ce, "Kai yaro ne. Tafinta kawai za ka yi mini."

Ya sayi rago da guminsa. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya shimfiɗa tabarmi a rumfar bayan kicin, ya juye shinkafa da nama a babban faranti. Ya gayyaci kowane Bature daban, bai gaya masa ɗayan zai zo ba. Suka iso kusan tare, suka ga juna, suka yi turus. Amma ma'aikata sun cika wurin ana kallonsu, dole kowa ya nemi gefe ya zauna.

Kawu ya miƙe da farar rigarsa ta Juma'a ya yi jawabi. Ya ce su 'ya'yan ɗaki ɗaya ne, ƙwallo kuma fata ce da iska, ba ta kai a raba zumunci ba. Ya ce babba ya yi haƙuri da ƙarami, ƙarami ya san girman babba. Ni kuwa da guntun Turancina na rage na rage, na ce tsoho yana gode musu, yana roƙon a zauna lafiya. Suka gyaɗa kai. Har na fara ajiyar zuciya.

Sai Kawu ya ɗauki cinyar ragon ya ajiye gaban mudir. Ya zagaya ya kama wuyan hannun muhandis, ya tashe shi, ya jawo shi a hankali. Muhandis na murmushi, ya ɗauka wata karramawa ce ta mutanenmu. Kawu ya tsayar da shi gaban mudir, ya cire masa hular rana, ya sa tafin hannu a kafaɗarsa ya danna ƙasa. Mutumin ya biye masa, gwiwarsa ɗaya ta taɓa tabarma. Wannan kam ba ya bukatar tafinta.

Mudir ne ya fara ganewa. Mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Ya miƙa hannu ya shafa kan muhandis, ya ce ya karɓi tuban Sikotlan, ya yafe mata.

Ban taɓa ganin fuskar ɗan Adam ta canja launi haka ba. Muhandis ya zabura ya yi fatali da farantin da ƙafa. Shinkafa da nama suka watse a yashi. Ya juya kan Kawu, ba kan wanda ya yi masa dariya ba, ya dinga surfa masa zagi, yatsa har yana taɓa gemun tsoho. Kawu na tambayata, "Me yake cewa?" Na ce ba komai. Da Turawan suka tafi, ya tsuguna yana tsince naman daga yashi yana hurewa, yana cewa abinci ne, ba a barinsa a ƙasa.

Washegari muhandis ya ce babu injin da zai motsa muddin tsohon nan yana sansanin. Na same shi a gareji, shi ɗin da ke ce mini ɗan'uwa. Na ce Kawu bai san abin da ya yi ba, alheri ya nufa. Ya ce an sa shi ya durƙusa wa ɗan Ingila a gaban jama'a, da ubansa zai ji sai ya tashi daga kabari. Na ce shi ma tsohon nan maganar kabari ce ta zaunar da shi a ƙasar nan, na yi masa bayanin Baƙi'a iya iyawata. Ya mayar da kansa cikin inji, ya ce in miƙo masa sifana.

Na tafi wurin mudir. Ya saurare ni yana kallon bango, ya ce abin takaici ne ƙwarai, tsohon ya iya girki. Amma aiki ba zai tsaya saboda kuku ba, kuma dama shekarunsa sun ja. Har yana cije leɓe, dariyar jiya ba ta sake shi ba. Wallahi da za a ce in zaɓi wanda na fi tsana a cikinsu, har yau ban iya ba. Ɗaya ya yi da ihu, ɗaya ya yi da ladabi.

A tsawon zamana da su, korar Kawu ce abu na farko da na ga sun haɗu a kai. A makon aka mayar wa muhandis na'urar ɗakinsa. Aka kafa sababbin turaku a fili, shi da kansa ya yi musu walda. Na ɗauke su su biyu a mota ɗaya zuwa Badr, suna baya suna ba juna labarin ragon, muhandis har yana kwaikwayon yadda Kawu ya danna shi, suna ƙyaƙyatawa. Ni ina gaba ina tuƙi, ido na yi mini zafi.

Mun nemi wani wanda zai ɗauki Kawu aiki ya riƙe masa iƙama, ba a samu ba. Wa zai ɗauki tsoho? Mutanen Jurf suka ce ya ɓuya kawai, ai da yawa haka suke zaune. Wani maƙwabcinmu mai sayar da dabino, haifaffen nan, ya ce, "Ya Hajj, khalas, shi ke nan, ɗakina naka ne, ba mai sani." Kawu ya gode masa, ya ce ba zai jira mutuwa a ɓoye kamar ɓarawo a garin Manzon Allah ba.

Ranar tafiya, bayan sallar asuba, muka tsaya a bakin Baƙi'a. Ya riƙe ƙarfen shinge ya daɗe yana kallon ciki, tattabaru na ta sauka. Bai yi kuka ba. Ya yi wa mutanen wurin sallama, ya ce mini mu tafi. Akwatin ƙarfen nan na bayan mota.

Muka kama hanyar Jidda har muka wuce Badr. Can sai ya gyara zama ya ce, "Ɗan nan, Turawan nan fa? Sun shirya kuwa?"

Na ce, "Sun shirya, Kawu."

"Suna cin abinci tare?"

"Tebur ɗaya."

Ya shafa fuska da hannu biyu ya ce, "To alhamdulillahi. Ragon bai tafi a banza ba."

Na damƙe sitiyari na zuba wa hanya ido, don in na buɗe baki zan faɗi abin da bai dace a faɗa gaban babba ba.

Alhazan garinmu ne suka kawo mini labarin rasuwarsa da suka zo ziyara. Sun ce zazzaɓi ne, bai daɗe yana jinya ba. A cikin likkafanin nan nasa aka sa shi, aka binne shi a maƙabartar bayan gari, kusa da gonakin gero.