Fentin Jirgin Yayana

Shekarun baya, lokacin ina gyaran agogo a bakin Babbar Kasuwa, yayana ya aiko in same shi a gidansa na Badarawa. Ba mu saba zama da shi ba. Shi ya yi boko ya shiga sojan ruwa, ya ƙare ƙuruciyarsa a teku. Ni ban taɓa shiga aji ba, ruwan da na sani kuma bai wuce kogin Kaduna ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma salla da jana'iza ne kawai ke haɗa mu.

Na same shi a tsakar gida da wani dogon kwali a cinya. Ciwon suga ya riga ya cinye masa idon hagu. Na dama ma likita ya ce da wuya ya kai baɗi.

Ya ce, "'Yarka ta Legas ce ta aiko. Irin jirgin da na yi aiki a kai ne, haɗawa ake yi. Ina so in gan shi a tsaye kafin wannan idon ma ya rufe."

Na buɗe. Gutsattsarin roba ne birjik. A ƙasansu akwai wasu fallayen tagulla, sirara kamar ɓawon albasa. A jikinsu aka fitar da tsani, da ƙofofi, da ragar rada, na'urar hango abin da ke nesa, da shingen da ke kewaye jirgi don kada mutum ya faɗa ruwa. Wani bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sai ka yanko da reza, ka lanƙwasa, ka manna.

Na ce, "Yaya, wannan ai kayan wasan yara ne."

"Kai ne yaron da nake da shi."

Matarsa tana tankaɗe a gefe ta ce, "Karɓi mana, ƙanin miji. Agogon wa ake kawo maka yanzu? Kowa a waya yake duba lokaci." Gaskiya ta faɗa, na karɓa.

Kullum da hantsi nake zuwa, don lokacin ne idonsa ya fi gani. Ina zuwa da hantsakina da gilashin da nake maƙalawa a ido. Takardar bayanin ba ta yi mana wani amfani ba. Ni ban iya karatu ba, shi kuma ba ya ganin rubutun. Hotuna na bi, sauran daga kansa ya fito.

Aikin ya ba ni wuya, ni da nake taƙama da hannu. Gam ya sha manne min yatsu. Wata rana na yi atishawa wani tsani ya tashi sama. Muka yi ta rarrafe a siminti, mu biyu da furfurarmu. Matar ce ta gano shi a gemuna. Ta ce da ta san haka tsufa yake da ta auri yaro.

Robar ba ya ganinta sosai. Amma tagullar, in rana ta buge ta, yana ganin ƙyallinta. Sai ya matso da fuska har numfashinsa na taɓa hannuna.

"Ka juya wannan tsanin. Wanda ya hau shi haka, teku zai faɗa."

"Wa zai hau, Yaya? Tururuwa?"

"Juya shi na ce."

Na juya. Haka muka yi ta yi har damina ta wuce. Idon yana ja baya, ni ina ƙara sauri. Na daina buɗe teburina a kasuwa gaba ɗaya. Ranar da na manna shinge na ƙarshe, jirgin yana walƙiya daga gaba har baya. Ya daɗe yana kallo, yana bin ƙyallin da kai.

Sai ya ce saura fenti.

Na ce a bar shi haka. Mu a sana'armu tagulla gogewa ake yi, ba a rufe ta.

Ya ce, "Jirgin yaƙi ne, ba jeren amarya ba. Abin da ke ƙyalli shi ake fara harbi. Ƙuruciyata duk da buroshi a hannu na yi ta. Ba zan ajiye jirgi tsirara a ɗakina ba."

Yaya ne, jirginsa ne. Na kai wa wani abokina mai fentin mota a Kawo. Ya haɗa ruwan toka, ya fesa sama-sama yadda ko ramin raga ɗaya bai toshe ba. Ya yi kyau. Ya zama jirgi na gaske. Na ɗauko shi a kan faranti cikin keke, ina yi wa direba faɗa a kowane rami.

Na ajiye a tebur a tsakar gida, cikin rana. Yayana ya sa tabarau, ya gyara zama.

Ya ce, "To, kawo shi."

"Ga shi nan a gabanka, Yaya."

Ya matso. Ya karkata kai. Matarsa ta ruga ɗaki ta ɗauko farin mayafi ta riƙe a bayan jirgin, ko zai fito.

"Ina ganin wani abu kamar inuwa," in ji shi. Can sai ya yi wata 'yar dariya. "Fentin ya yi aikinsa. Don kada a gani ake shafa shi."

Ni da shi babu wanda ya yi wannan tunanin. Na ce zan kankare. Ya ce kada in kuskura, haka jirgin yake.

Tun da muka fara na kafa doka, ba mai taɓawa sai da hantsaki. Shi ma bai taɓa karya ta ba. Ranar ya ɗago hannu, ya tsaya a sama.

"In taɓa?"

Na san abin da zai faru. Na ce, "Taɓa."

Ya fara daga gaba. Ya shafa bindiga, ya ce nan wani abokinsa ya rasa yatsa. Ya hau tsani da farce. Ina jin tagullar tana lotsewa, ƙas, ƙas. Ya kai bayan bututun hayaƙi, yatsansa ya tsaya.

"Nan nake shimfiɗa darduma. Jirgi yana juyawa, kowace salla sai na tambayi alƙibla. Nan nake lokacin da aka zo aka ce min Inna ta rasu. Kai ka binne ta. Ni ina nan."

Bai taɓa yi min wannan maganar ba. Ni ma ban taɓa tambaya ba. Shekara da shekaru na ɗauka bai damu ba ne.

Ya ce, "Me na karya?"

"Shingen baya. Da tsani."

"Za ka gyara?"

"Sai ka gama kallo."

Bai gama ba. Idon ya rufe kafin azumi. Kullum sai ya sa an miƙo masa jirgin, kullum sai wani abu ya karye. Na ci gaba da zuwa da hantsi, ba hantsaki ba gam. Mu zauna, yana shafawa yana ba ni labari. Da ya rasu, rabin tagullar ta zube, fentin bayan bututun ya goge har roba ta fito.

Na ga gobara, na ga tashin hankali, na binne mata da ɗa. Ban yi kuka a gaban mutane ba. Ranar da matarsa ta miƙo min jirgin a cikin mayafi ta ce, "Naka ne," sai da na juya na fuskanci bango.

Mutane kan ce ni da na iya, me ya hana in gyara. Aikin da na fi ƙwarewa a kai a rayuwata ke nan, kuma ɗan'uwana ya lalata shi da yatsunsa. Ban taɓa yin aikin da ya yi amfani kamarsa ba.

Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka kabarinsa.