Hotunan da Babu Kowa a Ciki

Kwanan baya ɗana da ke karatu a ƙasar waje ya turo mana hoto ta waya. Wai sun sami hutu shi da abokansa suka tafi hawan duwatsu, irin manyan nan masu ƙanƙara a ka. Shi kansa ba ya cikin hoton. Duwatsu ne kawai, da wani tafki shuɗi a gindinsu, da gajimare. Waya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu a tsakar gida, wannan ta ce masha Allah, waccan ta ce ikon Allah. Har gwaggona, da ta zo Daura ganin likita ta sauka wurina, ta gyara tabarau tana cewa a tura mata ita ma. Ni kuwa sai na tashi na shige madafi ba don ina da abin yi a can ba. Gwaggon nan da hannunta ta cusa irin wannan hoton a murhu, ina tsaye ina kallo. Bari in ba ka labarin, in ya so ka faɗa min ko ni ce mai riƙo.

Ƙauyenmu yana can gefen Dutsi, a gindin wani dutse da ba mu taɓa raɗa wa suna ba. Dutse kawai muke cewa, kowa ya san wanda ake nufi. Babu ƙanƙara a kansa, ba zan yi maka ƙarya ba, amma in ka tsaya a gindinsa ka ɗaga kai sai ka dafe hula. Yamma da gari yake, shi ya sa tun la'asar inuwarsa ke sauka kan gidajenmu, kajinmu su fara neman akurki alhali mutanen ƙauyen gaba suna cikin rana tsaka. A ƙasansa akwai falale mai faɗi inda mata ke shanyar kuɓewa da barkono da kaka. Ranar da ruwan fari ya sauka a kansa bayan zafin bazara, wani ƙamshi yake tashi ya cika garin, ƙamshin dutse mai zafi da ya sha ruwa. Ban sake jin irinsa a ko'ina ba.

Baffa, ƙanin mahaifinmu, shi ne autan Kaka, kuma shi ne mai hoton yankin. Yana da labule mai zanen jirgin sama da yake ɗaurewa a bayan keke, ya bi kasuwanni, yau Dutsi, gobe Sandamu, wani lokaci har Zango. Mutum ya sa kayan sallarsa ya tsaya gaban labule ya ƙame, Baffa ya ɗauka, ya kai fim Daura a wanke, kasuwa ta zagayo ya kawo wa kowa nasa. Da wannan yake ci. Amma zuciyarsa tana kan dutse. Da farko ragowar fim yake ƙarasawa a can, daga baya abin ya zama sai ya sayi sabo musamman ya hau da shi.

Baba Babba, yayansu kuma mai gidan gaba ɗaya, bai taɓa ɓoye haushinsa ba. Cewa yake ana yin hoto ne don mutum, saboda mutum yana tafiya, yana tsufa, yana mutuwa. Dutse kuwa yana nan jiya, yana nan gobe, duk mai son ganinsa ya leƙa ta katanga. Hoton da babu mutum a ciki, a wurinsa, ɓataccen hoto ne, kamar tuwon da ya kama. Duk gari haka aka ɗauka. In Baffa ya nuna wa wani hoton dutse, sai mutumin ya juya shi sama ya juya shi ƙasa yana neman wanda aka ɗauka, ya rasa, ya miƙa masa yana yi masa jaje.

Yaran gidan maza sun bi Baffa kan dutse sau ɗaya ko biyu suka daina, don ba su iya jira. Ni ce na liƙe masa. Mahaifiyata ta yi faɗa har ta gaji, ta ce wace irin 'ya mace ce wannan mai tsalle-tsalle kamar akuya, Kaka kuwa ta ce a bar ni, ai da ubana nake tafiya. Bayan sallar asuba muke fita, shi da kyamara rataye a wuya ya cusa ta cikin riga, ni da gorar ruwa da dunƙulen fura. A falale muke tuɓe takalma mu ɓoye ƙarƙashin wata cediya, don takalmin roba santsi yake a jikin dutse, tafin ƙafa shi ne mai riƙo. Daga nan sai hawa da hannu da ƙafa. Akwai wata tsaga da ba a shigarta sai a kaikaice, ciki a shafe, duhu da sanyi da warin kashin agwada, dabbobin nan masu kama da zomo, ƙayar sarƙaƙiya tana jan zane. In ka fito daga cikinta akwai gangaren da idan ka zame babu abin da zai tare ka. Baffa ba ya riƙe min hannu a wurin. Cewa yake in kalli inda ya sa ƙafa in sa tawa, kada in kalli ƙasa.

A can sama kuwa, kai! Iska ce ke fara marabtarka, ta busar da gumin nan take. Akwai wani kwarmi da ke tara ruwan sama, da 'yan kwaɗi a ciki, har yau ban san ta inda suka hau ba. Ka hango gonakin gero da dawa da gyaɗa shimfiɗe har iyakar gani, rumbunan garinmu kamar an kife ƙananan ƙoruna, hanyar Daura ta miƙe fara sol, mota ɗaya tana rarrafe a kanta. Sai kuma jira. Baffa yana iya zama tun hantsi har rana ta take tsaka bai ɗauki komai ba, yana kallon gabas yana jiran hadari ya haɗo ya jefa inuwa kan gonaki ya bar haske a wuri ɗaya. Na taɓa yi masa ƙorafi cewa cikina na kuka, sai ya yi dariya ya ce:

“Mutum kina iya ce masa ya gyara hula ya kalle ki. Wannan ba ya jin magana, sai dai ki jira ya ga dama.”

Wata rana da kaka muka yi yammaci a sama. Rana ta koma bayanmu, inuwar dutsen ta kwanta kan garin, a saman inuwar kuma ga inuwar Baffa, siririya, gwiwar hannu a buɗe ya ɗaga kyamara. Ya ɗauka. Da aka wanko hoton ya kira ni ɗakinsa ya nuna min, yana murna kamar yaro, ya ce yau dai mai hoto ya shiga hoto. Ka san masu wannan sana'a: ya ɗauki kowa a ƙasar nan, shi babu wanda ya taɓa ɗaukarsa. Ya jefa hoton cikin akwatin ƙarfen da yake tara na dutse, ya ce tunda ni kaɗai ce ke kallonsu ba na juya su sama da ƙasa, duk ranar da ba ya nan nawa ne. Daga ni sai shi a ɗakin.

Damina ta gaba zazzaɓi ya kwantar da shi, bai yi mako ba ya cika. Allah ya jiƙansa. Bayan sadakar arba'in Baba Babba ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka fito da kayansa. Kyamara da keke da labule suka shiga gado. Hotuna kuwa ya ce amanar mutane ce, a ware a mayar wa masu su, kuma a nan ban ga laifinsa ba. Ya zauna yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Mai fuska ya ajiye dama, a ce wannan na gidan wane ne. Da ya zo kan akwatin ƙarfe sai hannunsa ya yi sauri. Babu kowa. Babu kowa. Babu kowa. Yana faɗa yana jefawa hagu, har suka yi tsibi. Ya ce wa gwaggo, ƙanwarsa, ta kwashe wannan tarkacen ta hura wuta da shi, itace ya jiƙe.

Na durƙusa na ce Baffa ya ce nawa ne. Ya tambaye ni wa ya ji, na ce babu. Ya ce to ba a raba gado da maganar yarinya. Ya laluba dama ya zaro hotona na sallah, ina tsaye gaban jirgin sama da jan baki, ya miƙo min wai ga nawa. A daidai lokacin na hango na inuwar nan a saman tsibin. Na yi wuf na ɗauka.

“Baba, wannan da mutum a ciki. Baffa ne.”

Ya karɓa, ya nisantar da shi daga ido, ya kusanto da shi.

“Ina Baffan? Inuwa ce. Inuwa mutum ce?”

Ya jefa shi hagu.

Kaka tana zaune bakin ƙofarta da carbi, ta ji komai. Na juya na kalle ta, ta kalle ni, hawaye yana bin kuncinta. Kalma ɗaya daga bakinta da ta isa. Amma Baba Babba ɗan farinta ne, tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye gaban jama'a ba, in saƙo ne sai ta aika wani. Kunyar ɗan fari ta rufe mata baki tana kallo ana kwashe abin da ya rage mata na autanta. Na daɗe ina jin haushinta ita ma, sai da na haihu na sassauta mata. Shi kuwa ban sassauta ba.

Hoto ba ya ci kamar kara. Naɗewa yake, ya yi ƙuraje, ya yi wari mai hawa ka. Gwaggo tana turawa tana tsaki wai hayaƙin zai ɓata mata miya. Baƙaƙen fina-finan da ake wanko hotunan daga jikinsu kuwa yara suka kwashe, suna karawa a ido suna kallon rana, kafin kwana biyu sun watse a bola. Tuwon ranar ban ci ba, aka ce taurin kai ne, aka yi min duka a kai.

Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. An sha jefa min wannan karin maganar. To ni dai na hau abin da ya fi rimi, kuma Baba Babba ko falale bai taɓa wucewa ba. Me ya hango? Cewa ya yi dutse ba ya zuwa ko'ina. Ina ɗakin aurena a Daura labari ya zo cewa wani kamfani ya zo neman tsakuwar titi, dattawan gari sun zauna sun amince, shi ne ma a gaba. Aka kafa injuna, aka fara sa nakiya. Bangon gidaje ya tsattsage, agwada suka gudu, tifa tana shiga tana fita shekara da shekaru. Falale aka fara cinyewa, sai tsagar, sai kan gaba ɗaya. Yau in ka je, wani ƙaton rami ne da koren ruwa a ciki, iyaye suna hana yara zuwa. Rana tana dukan gidanmu har magariba.

Yanzu kowa mai hoto ne. A ɗauki kwanon shinkafa, a ɗauki hadari, a ɗauki hanya ta tagar mota, a tura wa duniya, a sha yabo. Ba na ƙyashin kowa, Allah ya sani. Abin da ke ci min rai shi ne mutumin da ya fara wannan a ƙasarmu an ɗauke shi mai taɓin hankali, kuma waɗanda suka yi masa dariyar su ne yau ke gyara tabarau.

Da sallar da ta wuce na je gida gaisuwa. Baba Babba ya tsufa tukuf, yana kishingiɗe a zaure, jikoki da tattaɓa kunne sun kewaye shi. Na tarar yana ba su labarin dutse, yana ɗaga hannu yana kwatanta tsawonsa, yana cewa tun la'asar kaji ke shiga akurki. Yaran suna ƙyafta wa juna ido suna danne dariya. Su ramin suka sani. Wani har ya raɗa wa ɗan'uwansa cewa tsoho ya fara ruɗewa, kuma tsohon ya ji. Na ga fuskarsa ta canza. Ya juyo wurina ya ce:

“Ke 'yar nan, ai kin hau. Faɗa musu. Cikin hotunan ƙanina ba ki ɓoye ko ɗaya ba?”

Na ce ban ɓoye ba, Baba. Na juya wurin yaran na ce gaskiya ya faɗa, dutsen ya ma fi yadda yake kwatantawa, na hau shi da ƙafata. Ba don shi na faɗa ba, don Baffa na faɗa. Sai wani ɗan ƙarami, mai ido a tsaye, ya ce:

“To Gwaggo, in da gaske ne, ina hotonsa?”

Na nuna masa tsohon da haɓata.

“Tambayi kakanka.”

Na sa takalmina na fita. An aiko min sau biyu wai in je in ba shi haƙuri, babba ne, kwanansa ya matso. Zan je in gaishe shi, in kai masa goro da sabulu, don zumunci ya wuce wasa. Haƙuri kuwa shi zai fara bayarwa, kuma wanda ya kamata ya ba yana kwance a maƙabarta.