Jan Geron Inna

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da aka tambaye ni mai shaida maganar mahaifiyata, na waiga ban ga kowa ba.

Lokacin ina aiki a wani ƙaramin buro, wato ofis, a Illela. Muna tattara ilimin noma daga bakin mutane, mu ba wata na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta tsara shi. Dokarta ɗaya ce: kowace magana sai an faɗi inda ta fito. Wadda ta samu shaidu daban-daban ita ake miƙa wa masu neman tsohon iri, su bi sawunta.

Ni ma ina da tawa. Inna, Allah ya jiƙanta, ta sha ba ni labarin wani jan gero gajere mai nuna da wuri, wanda ya fid da su wata shekarar yunwa a ƙauyen da aka haife ta. Ƙauyen ya watse tun kafin a kawo ta aure Tajaye, irin ma ya ɓace. Na shigar da labarin, na'ura ta ce baki ɗaya ne, a nemo wani. Raina ya ɓaci. Innata ce fa!

Ranar hutu na hau kabu-kabu sai Tajaye. Gidanmu a rufe, ƴan'uwana duk sun tafi ci-rani, ko tabarmar zama ban samu ba. Na bi tsofaffi ina ɗaukar muryarsu a waya. Wata gwaggo ta ce, "Jan geron nan? Ƙwarai, ɗiyata, mun san shi." Wani baba ma haka. Na komo ina ji da kaina.

Na'urar ta saurara, sai ta ce in tambaye su ko sun gan shi da ido. Na kira gwaggo, ta yi dariya. "Wane ni! Ai ga uwarki munka ji." Baba ma haka ya ce. Ashe duk daga bakin Inna suka ɗauka, Inna kuwa tana cikin ƙasa.

Wani abokin aikina ya ce, "Haba, ki rubuta cewa sun gani mana, wa zai sani?" Ya ɗauki hularsa ya fita. Na daɗe zaune ni kaɗai. Wallahi na so in rubuta hakan. Amma matar da ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, da ƙarya zan tsayar da maganarta?

Na bar labarin yadda yake, na rubuta: "Daga bakin mace ɗaya, ta rasu. Ɗiyarta ce ta ji. Ba a tabbatar ba." Ba wanda ya je neman irin. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izarta.

Abin da na koya shi ne, baki goma da suka ɗauka daga mutum ɗaya, baki ɗaya ne. In tsohonka na ba ka labari, tambaye shi wa kuma ya gani, tun yana iya amsawa.