Bidon Mai Gyaran Kilas

A tashar Dakoro, ƙarƙashin wata itaciyar bedi, wani dattijo ya buɗe injin motar fasinja mai zuwa Azagor, mai shan man gazuwal. Juwan kilas ɗinta, wato shimfiɗar da ke tsakanin injin da murfinsa, ya ƙone, ruwa ya gauraye da mai. Ban san sunan mutumin ba. Dogo ne, busasshe, rawaninsa ya sha baƙin mai. Ƙaramin bidon ruwa na ɗaure a ƙugunsa, alhali ga famfo nan kusa.

Yana goge fuskar kilas a hankali, yana shimfiɗa sabon juwan, yana ɗaure bulon, ƙusoshin murfin, daga tsakiya zuwa gefe. Direba na ta azalzala. Shi ko ya ce sai injin ya yi zafi, ya huce, ya sake ɗaurewa.

Ni bakina ba ya hutawa. Na ce, "Baba, lalle kake sa ma amarya? Fasinja za su yi furfura."

Bai yi dariya ba. Ya dubi matan da ke zaune da goyo, ya ce, "Malam, in juwan ya ƙone a daji, ruwan sha ake ɗura ma radiyate don injin ya huce. Mota ke riga mutane sha."

Ban tambaye shi wa ƙishirwa ta sa ya baro can daji ba. Yana lasar leɓe kamar har yanzu bai iso gari ba.

Da motar za ta tashi, ya kwance bidonsa ya miƙa ma wata mai goyo.

"Ɓoye shi, ɗiyata. Ko direba ya haɗa ki da Allah, kada ki ba shi."