Addu'ar Inna a Bakin Filin 'Yan Airish

A lokacin sanyi, kafin ƙarfe huɗu da rabi duhu ya gama rufe unguwar Edmonton ta Landan. Ina tashi daga makaranta nake wucewa flat ɗin kakata, a hawa na shida na wani dogon benen council, irin gidajen hayar hukuma, domin mahaifiyata nas ce, ba ta baro asibiti da wuri. Shekarata tara a lokacin. Mu biyu ne kawai a gidan, ni da Inna, sai wata tsohuwar hita mai sanda biyu da ta hana a jefar. Akwai hitar bango, amma Inna ta ce wutar da ido bai ga janta ba ba ta ɗumama mutum. Idan mun idar da magariba sai ta jawo kujerarta gaban hitar, ta miƙe ƙafafu, ni kuma in zauna a ƙasa da kwanon soyayyiyar gyaɗa. Waya ba ta cika ƙara a gidan ba. Ƙofa ma, in ba mai kawo wasiƙa ba, ba kowa ke ƙwanƙwasa ta ba.

Tatsuniyoyin gida sun ƙare mata tun kafin sanyin ya yi nisa. Wata rana na matsa mata, ta dubi jan wutar, ta ce, "To, ga ta nan, ƙawata. Amma wannan babu kura, babu aljani. Ta kakanki ce da Turawansa."

Kakana Malam Sani ya rasu tun ba a haife ni ba. Daga Zariya ya zo Landan karatun awon ƙasa, Inna ta biyo shi tana amarya. Idan aka yi hutu yakan je aikin gini, inda kusan duk leburorin mutanen Ireland ne, waɗanda Inna ke kira 'yan Airish. Sun kasa faɗin Sani, suka mayar da shi Sonny. Wata Asabar shugaban leburorin, wani ƙaton mutum mai suna Tom, ya dubi tsawon Malam da faɗin tafin hannunsa, ya tambaye shi ko ya taɓa tsaron gida. Malam ya ce ai shi ne golan makarantarsu. Tom ya ce to gobe ya zo, mutum ɗaya suka rasa.

"Ya je yana zaton ƙwallon da ya sani ce," in ji Inna, tana dariya har da tari. "Sai ya ga ƙato ya sunkuya ya ɗauki ƙwallo da hannu ya ruga da ita, alƙalin wasa ko kallonsa bai yi ba!"

Ƙwallon ƙasarsu ce, mutum sha biyar-sha biyar ake yi. Turakun raga dogaye ne, sun wuce sandar sama da nisa. Idan ƙwallo ta bi ta saman sandar, maki ɗaya ke nan. Idan ta shiga raga, uku. Malam ya koya, ya kuma zauna a ƙungiyar shekara da shekaru.

Tarihin gasar kuwa a bakin matar Tom, Maura, Inna ta ji shi, a tsaye a bakin fili, tana gane kalma ɗaya cikin uku na Turancin. A ƙasarsu kowace gunduma tana da gasarta, kuma da suka yi yawa a Landan sai suka ɗauke ta ita ma kamar gunduma guda. Gasar hawa uku ce. Ta sama ta gwanaye, ta tsakiya ta masu tasowa, ta ƙasa kuma suna ce mata junior. Inna ta ce da ta ji sunan ta ɗauka yara za ta gani, sai ta tarar da masu furfura da masu tumbi, da samarin da suka sauko daga jirgin ruwa a makon, ba su ko san hanyar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba. Mutanen da suka zo haƙa hanyoyi da gina asibitoci ne suka kafa ta, domin kowa ya samu inda zai je ranar Lahadi ya ji harshen garinsu. Idan aiki ya yi ƙaranci a Ireland, sai ƙungiyoyi su yi ta tsirowa a Landan. Idan abubuwa suka gyaru a can, maza su tattara su koma, ƙungiya ta mutu, ko biyu su haɗe su zama ɗaya. Akwai kuma doka: duk wadda ta ci kofin junior, sama za ta hau. Ƙungiyar su Tom ba ta taɓa ci ba, shi ya sa tana cikin waɗanda suka fi daɗewa a gasar.

Wannan labari Inna ta yi ta ba ni shi gutsure-gutsure har ƙarshen sanyin. Yau na ranar da kare ya shigo fili ya hana wasa, gobe na yadda ta wanke riguna sha biyar a bahon wanka, laka ta toshe bututu, mai gidan haya ta kusa korar su. Amma wanda ta fi maimaitawa shi ne na fulas ɗin shayi.

Shekara biyu na farko, in ji ta, ɗaki ɗaya take wuni a cikinsa. Malam ya fita da safe, sai yamma. Ba ta jin Turanci sosai, ba ta san Bahaushiya ko ɗaya a unguwar ba. Akwai ranakun da takan yi wa kanta sallama da ƙarfi, ta amsa, don kawai ta tabbatar muryarta tana nan. Ranar da Malam ya fara tafiya da ita fili, ta tsaya can gefe da zani da siririn mayafi, iska tana ratsa ta har ƙashi. Sai ga wata gajeriyar mata mai jan gashi ta taho, ta cire gyalen wuyanta ta naɗa mata, ta tsiyaya shayi a murfin fulas ta miƙa mata. Ta nuna ƙirjinta ta ce, "Maura." Inna ta nuna nata ta ce, "Hauwa."

"Tun da na bar Zariya," in ji Inna, "ban da Malam, ita ce ta fara tambayar sunana. Daga ranar, kwana shida nake ƙirgawa, na bakwai in zama mutum."

Ƙarshen labarin kullum a gurguje take ba da shi. Wata shekara sun kai wasan ƙarshe, aka yi ruwa, aka ci su da maki ɗaya. "Haka Allah Ya so," sai ta ce, ta kashe sanda ɗaya ta hitar. "Ƙurunƙus. Tashi ki yi homework."

Sai a sanyin shekara ta biyu ta ba ni cikakkensa. Ba ta jima da fitowa daga asibiti ba, ta rame, ta yafa bargo a kafaɗa. Ban ma roƙe ta labari ba. Ita ce ta ce, "Ƙawata, akwai abin da na rage miki."

Ana saura mako guda a yi wasan ƙarshen, Maura ta gaya mata cikin murna cewa idan suka ci suka hau sama, za a nemo sababbin samari, har da gola daga wata babbar ƙungiya, tsofaffi su huta. Malam yana cikin tsofaffin. Inna ta koma gida ta yi lissafinta ita kaɗai. Idan Malam ya daina wasa, da wane dalili za ta riƙa hawa bas biyu zuwa fili? Wa zai gayyace ta? Lahadi za ta koma kamar Talata.

"Ranar wasan ina tsaye kusa da Maura, tana ta ihu, ni kuwa bakina yana motsi. Ta ɗauka addu'a nake musu. Addu'ar kuwa nake yi. Cewa nake, Allah Ka sa su faɗi. Allah Ka bar mini su a nan ƙasa."

Suna gaba da maki biyu, lokaci ya kusa cika. Wani daga ɗaya ƙungiyar ya ɗaga ƙwallo sama daga tsakiyar fili, irin wadda Malam ya saba cafewa ido rufe. Ya yi tsalle, ta taɓa hannunsa, ta sulluɓe saboda ruwa, ta faɗa raga. Maki uku. Ba a daɗe ba aka busa tashi.

Babu wanda ya zage shi. Tom ma ya zo ya dafa kafaɗarsa, idonsa jawur. Sai daga baya Inna ta ji cewa Tom ya daɗe da yin alkawarin ba zai koma gida ba sai da kofin, kuma wannan ce shekarar ƙarshe da gwiwarsa za ta iya. A bas ɗin komawa Malam yana ta kallon tafin hannunsa. Da shekara ta zagayo suka zo har gida neman sa, ya ce karatu ya yi masa yawa. Bai sake sa rigar ba. Tom da Maura suka koma Ireland, wasu suka bi bayansu, ƙungiyar ta kasa tara mutum sha biyar, ta watse. Maura ta aiko da kati sau biyu ko uku, Inna ba ta iya rubutun boko ba tukuna, kuma ta ji nauyin ta ce Malam ya rubuta mata amsa.

"Kin gaya masa?" na tambaye ta, amma da Turanci, domin a lokacin ina jin Hausa ne kawai, ba na mayarwa.

"Shekara talatin muna kwana ɗaki ɗaya. Sau nawa na buɗe baki, sai in ce masa ga tuwo ya huce." Ta gyara bargonta. "Har ya koma ga Allah yana ganin hannunsa ne ya ci amanar mutane."

Na ce, "It's okay, Inna." Ta dube ni, ta yi ɗan murmushi, ta ce in miƙo mata carbinta.

Inna ta rasu ina aji biyu a sakandare. Yanzu ina aiki a wani ofis kusa da Aldwych a tsakiyar Landan, ina zaune ni kaɗai a wani ɗaki da tagarsa ke kallon bayan wani gini. Bara, wata Lahadi da na wuni ban yi magana da kowa ba, na shiga intanet na nemo jerin waɗanda suka ci gasar tun farkonta. Dogon jeri ne, cike da sunayen ƙungiyoyin da yanzu babu su. A shekarun da nake zaton su Malam sun buga, an rubuta waɗanda suka ci, amma gurbin waɗanda aka ci a wasan ƙarshe fanko ne a wurare da dama. Babu wanda ya adana. Na kira mahaifiyata na tambaye ta. Ta san Babanta ya taɓa yin ƙwallo da Turawa, ta ce, amma maganar addu'a ba ta taɓa jin ta ba.

Da ina yarinya na ɗauka darasin shi ne mutum ya iya bakinsa wajen roƙon Allah. Yanzu ban ga haka ba. Ruwa ne ya jiƙa ƙwallo, kuma na tabbata Inna ma, a can cikin ranta, ta san ba ita ta juya ƙaddara ba. Abin da ya dame ta shi ne ta tsaya kusa da mace ɗaya tilo da ta ɗauke ta ƙawa, tana roƙon abin da zai karya mata zuciya. Kaɗaici ne ya kai ta, kuma ni da na ɗanɗana kaɗan daga cikinsa ba ni da bakin ganin laifinta.

Na daɗe ina mamakin dalilin da ya sa ta tsallake mijinta da 'yarta da malaman masallaci, ta zaɓi jikar da ba ta cika shekara sha ɗaya ba. Ina jin ta zaɓe ni ne don tana zaton rabin maganar zai wuce ni, ta sauke kayanta ba tare da ta ɗora wa kowa ba. Amma babu kalmar da ta wuce ni. Amsar ce kawai ban da ita a harshenta. Yau ina da ita, ba ta kuma da tsawo: Inna, da kin gaya masa, da ya yafe miki tun kafin tuwon ya huce.