Ƙanƙarar Awa Nawa?

Gwaggona ƙanƙara take sayarwa tun kafin a haife ni. Firiza biyu ne a ɗakin tsakar gida, ɗaya na gurnani kamar mai mura, ɗayan sai an dafa shi da gwiwa yake rufuwa. Ita ba ta tambayar mai saye ko ta nawa yake so. Ina za ka kai ta, shi ne tambayarta, sai ta yanko maka daidai tafiyarka, ta naɗe a buhu.

To, mijinta, wanda duk muke kira Baba Tela, zai je wurin babban ɗansu a ƙasar waje. Yana da ciwon sukari, allurarsa kuma ba ta son zafi, in ta ɗumama ta tashi aiki. Gwaggo ta ce wannan ai fanninta ne, a gaya mata awa nawa ne kawai.

Nan aka shiga uku. Tikiti ya ce tashi goma na safe, sauka huɗu na yamma. Baba Tela ya ƙirga a yatsu, shida. Ni na duba waya, ta ce awa goma sha ɗaya tsakanin filayen jirgin biyu, kilomita kusan dubu tara. Na fara bayanin cewa agogon can yana bayan namu, ina cikin yi na rikice, na koma ina ƙarawa inda ya kamata in rage.

"Ke 'yar nan, ƙanƙarata da wane agogo za ta narke, namu ko nasu?"

Sai na ce a tambayi Yaya, babban ɗan nasu da ke can. Muka kira Yaya, ya ƙara dagula lissafin: wai dawowa ta fi zuwa sauri saboda iska. Gwaggo ta tambaya ko hanyar ce take tsukewa. Baba Tela kuwa, yana ɗinkin maɓalli, ya ce shi dai a bar shi da shidansa, tikiti ba ya ƙarya.

"Kai da ka auna wandon mutum ya fito siket?" in ji ta.

Sai ta koma gwaji. Kwana uku tana cika kula da ƙanƙara, ta naɗe kwalbar turare a tawul a matsayin allurar, ta rufe, ta zauna tana gadi. Masu saye na sallama, tana ce musu su jira, jirgi bai sauka ba.

Ranar tafiya ta haɗa ta awa goma sha ɗaya, ta ƙara ta shida a kai, ko da duka biyun gaskiya ne. Kular ta yi nauyi har Baba Tela yana tafiya a karkace. A filin jirgi aka daɗe ana juya takardar likita, aka sa ya rage fiye da rabin ƙanƙarar. Gwaggo ta dawo gida da ragowar a leda tana ɗiga.

Da ya sauka ya kira, ta ƙwace wayar daga hannuna. Ya ce allura da sanyinta, har da guntuwar ƙanƙara kamar ɗan yatsa.

"Alhamdu lillahi. To awa nawa kuka yi?"

"Oho, ni barci na yi."

Ta miƙo min wayar, ta ce in ya tashi dawowa can su san yadda za su yi.