Ruwan Alwalar Baba

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa Kano, duk ma'aikacin da aka ƙara wa albashi sai ya sayi kujerun kushin da tukunyar fulawa ya ajiye a falo. Mu ma a Fagge muna da ɗaya, mai faffaɗan ganye. Innarmu ce ta sayo ta a Kasuwar Sabon Gari, Baba yana ta yi mata tsiya wai shukar da ba a miya da ita cin wuri kawai take yi. Amma da Inna ta rasu, shi ya sa aka shigar masa da ita ɗakinsa.

Ba a jima ba ganyen ya fara zama ruwan ƙasa. Kullum sai in sami Baba ya zuba wa shukar ido. Na san idan ta mutu, kamar ya sake yin jana'iza ne.

Na tsinki ganye ɗaya na kai wa wata abokiyar aikina, malama 'yar Wusasa, wadda barandarta a Sabon Gari cike take da shuke-shuke. Ta murza shi da yatsa.

"Wanda ƙishirwa ta kama, bakinsa ne ke bushewa yana ƙaras-ƙaras. Wannan kuwa ya yi laushi. Ruwa ne ya yi masa yawa, saiwar ta fara ruɓewa. Kada ku ƙara zuba mata sai ƙasar ta bushe."

Na ce ai sai ranar Juma'a nake ba ta. Ta ce to akwai mai ba ta bayan ni.

Baba ne. Tunda ƙafafunsa suka ƙi, a ɗaki yake alwala a kwano, kuma duk salla sai ya juye ruwan a gindin shukar. Na yi masa bayani, har da ɗaga murya, don ni dama ba ni da haƙuri.

Ya ce, "Ruwan da aka ambaci Allah a kansa, a kwata zan zubar? Ruwan nan na Innarki ne."

Na sauya ƙasar, na yanke ruɓaɓɓen saiwa, na huda gindin tukunyar. Shi kuma bai fasa ba.

Sai ciwo ya yi tsanani, likita ya hana shi taɓa ruwa, ya koma taimama. Ƙasar tukunyar ta bushe. Wata safiya na ga sabon ganye ya leƙo, kore shar. Wallahi ban taɓa jin haushin abu mai rai kamar ganyen nan ba, don na san abin da ya warkar da shi.

Da azahar na kawo wa Baba dutsen taimamarsa. Ya girgiza kai, ya nuna tukunyar. Na jawo ta bakin gado. Ya ɗora tafukansa a kan busasshiyar ƙasar, ya daɗe bai ɗaga ba, sannan ya shafi fuskarsa.